Filin Tambayoyinku: Ɗana Ya Haddace Jadawalin Sau, Amma Kuɗin Riɗi Ya Gagare Shi

Assalamu alaikum masu karatu. Huɗu daga cikin wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, duk da masu su ba su san juna ba: yaro yana zuwa makaranta, yana biya karatu tiryan-tiryan, amma da an ɗan juya masa tambaya sai ya tsaya cak. Na taƙaita wasiƙun saboda fili, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malama, ɗana yana aji biyar. Ya haddace jadawalin sau daga biyu har sha biyu. Ran Lahadi na tafi da shi kasuwar Gujungu na sayar da riɗi kwano 13, na ce ya lissafa min kuɗin, sai ya ce, "Baba, tarawa zan yi ko sau?" Ƙanwarsa mai tallar awara ajinta biyu kacal, amma ba a taɓa cutarta a canji ba. Yaron ne ba shi da kai, ko makarantar ce? Daga wani uba a Taura.

AMSA: Malam, Allah ya yi wa yaran albarka. Ka kwantar da hankalinka, yaron da ya haddace jadawalin sau har sha biyu yana da kai. Tambayar da ya yi maka ita na fi ji a bakin 'yan aji biyar da shida tun da na fara riƙe alli a ƙauyukan Ringim, kuma dalilinta a fili yake. A aji, malami yakan rubuta "ninkawa" a saman allo, ya jero lissafi goma a ƙasa. Kafin yaro ya ɗauki fensir an riga an yanke masa shawarar da ta fi kowacce wuya, wato wace hanya za a bi. Shekara biyar wani yana yanke masa ita. A Gujungu kuwa ba wanda ya rubuta masa komai a saman kwanon riɗi. Kamar an koya wa yaro sunan fartanya da garma da lauje ne, ba a taɓa kai shi gona ya ga wadda ake ɗauka ran noma da wadda ake ɗauka ran girbi ba.

Matsalar ba ta tsaya a kanmu ba. Wajen 1980 wasu malaman lissafi a Grenoble ta ƙasar Faransa suka ba yara 97 'yan shekara bakwai zuwa tara wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 suka sarrafa lambobin suka ba da amsa, akasari suka ce 36. Na kan yi wa kowane sabon aji irinta da makiyayi mai shanu 30 da tumaki 15, kuma hannuwa sukan tashi da 45. Ranar da wata yarinya ta ce, "Malama, ai ba mu gan shi ba, ta ina za mu san shekarunsa?" sai da na sa ajin ya tafa mata, don ita kaɗai ta saurari tambayar. Sauran lambobi suka ji.

Labarin ƙanwarsa ma an yi bincike a kansa. A 1985 wasu masana suka wallafa abin da suka gani a birnin Recife na Brazil, wajen yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari a titi. Da suka je a matsayin masu saye, yaran sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin da ka. Da aka rubuta musu irin waɗannan lambobin a takarda yadda ake yi a makaranta, kusan kashi 37 suka ci. Ka ga 'ya'yanka biyu kowa rabi ke hannunsa. Ita ta san abin da ake nema amma ba ta iya rubuta shi ba, kuma idan kuɗi suka wuce na farantin awara za ta rikice. Shi ya iya rubutun, bai san inda ake amfani da shi ba. Kada ka ɗauki wannan a matsayin hujjar barin yarinya a talla, ita ma makarantar take buƙata. Ka riƙa zaunar da su tare, ita ta yi da ka, shi ya rubuta abin da ta yi, su gwada ko sun haɗu.

Ka koma kan riɗin nan. Mu ce kwano naira 4,000. Kada ka ce masa sau ne. Ka tambaye shi, "Kwano ɗaya nawa? To biyu fa?" Ka bar shi ya yi ta tarawa idan ita ya zaɓa, zai gaji da kansa ya nemi gajeriyar hanya, a nan jadawalin da ya haddace zai zo masa da ma'ana. Wani yaron zai ce kwano goma 40,000, uku 12,000, duka 52,000, kuma wannan ita ce hanyar da ɗan kasuwa ke bi. Kafin ya fara, ka saba masa da kintace: "Kana ganin zai kai dubu ɗari? Zai gaza dubu ashirin?" Yaron da ya saba kintace ba zai rubuta 5,200 ya miƙo maka ba tare da jikinsa ya ba shi akwai kuskure ba.

Gidan manomi cike yake da irin wannan aiki. Ran fitar da zakka ka kira shi. Amfanin damina ɗaya bisa goma ake fitarwa, wanda aka yi wa ban ruwa da inji ɗaya bisa ashirin. Dami 70 na gero, nawa ne na zakka? Buhu 60 na shinkafar rani fa? Me ya sa shari'a ta rage wa mai inji? Tambayar ta ƙarshe ba lissafi ba ce, amma ita za ta sa ya yi tunanin kuɗin fetur da wahalar jan ruwa. Lokacin shuka ka sa ya ƙirga kunya nawa ce a gonar, rami nawa a kunya guda, ya faɗa maka ko irin gyaɗar da aka ajiye zai isa. Idan ya yi kuskure kuka ga irin ya ƙare saura kunya biyu, ku koma tare ku nemo inda lissafin ya kauce.

Abu guda nake roƙonka, shi ne kuma mafi wuya ga iyaye maza: idan ka tambaya, ka yi shiru. Mu manya ba ma iya jure ganin yaro yana kame-kame, nan da nan mu jefa masa amsa ko mu daka masa tsawa, alhali wannan kame-kamen shi ne tunanin da muke nema.

TAMBAYA: Hajiya, ni sabon malami ne, bara na gama kwalejin ilimi ta Gumel aka turo ni wani ƙauye. Ajina na huɗu ya haura yara 90, rabinsu a ƙasa suke zaune, littafin lissafi ɗaya ne kuma a hannuna yake. An koya mana a riƙa ba yara ayyukan da za su warware da kansu, amma da me? Ga manhaja ana so a gama ta kafin jarrabawa. Daga wani malami a Garki.

AMSA: Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ka lada. Ba zan ce maka yara 90 abu ne mai sauƙi ba, kuma ba daidai ba ne a bar malami ɗaya da su. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, tun da dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Amma yaran suna gabanka gobe da safe, don haka ga abin da na ga yana aiki.

Fara da tsinke. Kowane yaro ya zo da tsinken tsintsiya ko sillen kara da zare ko kyauron roba. A ɗaure goma-goma, a bar wasu a warwatse. Rubuta 42 a ɗebe 17. Yawancin 'yan aji huɗu 35 za su ba ka, don sun ga 2 ba ta kai 7 ba sai su juya su ɗebe ƙarami daga babba. Kada ka gyara. Ka ce su ajiye ɗauri huɗu da tsinke biyu, su ba maƙwabcinsu sha bakwai. Za su tsaya, don tsinke biyu ne a warwatse. Ka jira. Wani zai ce, "Malam, a kwance ɗauri ɗaya?" Wannan yaron ya gano "aro ɗaya" da hannunsa, kuma 25 ɗin da ya samu ba zai manta dalilinta ba. Wannan dabara ta ɗauri da tsinke tana cikin tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, na raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke. An gwada shi a nan kusa da mu, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano, ƙarƙashin shirin KaLMA da aka fara a 2019 don 'yan aji huɗu zuwa shida. Abin da zan so ka ɗauka daga ciki shi ne ka gwada yaranka ɗaya bayan ɗaya ka san wanda bai gane lamba ba, da wanda ya iya tarawa, da wanda ya kai rabawa. Zai ci maka kwanaki, amma bayan nan ka san wa kake koyarwa.

Sai ka raba su rukuni-rukuni na mutum shida ko bakwai, ku fita gindin darbejiya, ƙasa ta zama allon kowa. Tambaya ɗaya tak za ka bayar, wadda za ta ɗauki minti ashirin, ta fi ashirin da za a gama kowacce a minti ɗaya. Ga wadda nake ji da ita: ruwa ya cinye hanya, mutum 50 za su haye, kwalekwale mutum 8 yake ɗauka, sahu nawa za a yi? Masu bin ƙa'ida ido rufe za su ce "shida, saura biyu". Ka tambaye su, su biyun a bakin ruwa za su kwana? Wani rukunin zai ce bakwai. Wani kuma zai ce a cusa su a sahu na shida, kuma a nan za ka ajiye lissafi ku yi maganar lodin da ya wuce kima, don yaran bakin kogin Haɗeja sun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda shi. Wata shekara wani yaro ya tambaye ni ko mai tuƙin yana cikin takwas ɗin. Idan yana ciki, fasinja bakwai ke nan, amsar ta koma sahu takwas. Ban taɓa jin daɗin tambayar ɗalibi kamar wannan ba.

Idan an gama, kowane rukuni ya tashi mutum ɗaya ya bayyana yadda suka yi, har waɗanda ba su dace ba. Kuma su yi da Hausa. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, kuma ko ba manufa, yaron da ke fama da Turancin tambaya bai ma iso wajen lissafinta ba. A fahimta da Hausa, sannan a ba shi sunan abin da Turanci saboda jarrabawa.

Ga masu saurin gamawa, waɗanda in an bar su sai su dami aji, ka zana musu gida tara, uku-uku, su zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Mutanenmu sun san irin wannan zane da sunan hatimi, mu lissafin cikinsa muke so. Ka gaya musu wani malami Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Ina so yaranmu su san wannan fage da kakanninsu a ciki. In sun samo amsar, ka ƙara musu: me ya sa kullum 5 ce a tsakiya? Me ya sa 15, ba 14 ba? Wanda ya tara lambobin tara ya samu 45 ya raba uku ya kama hanya.

Batun manhaja kuwa, ban ce ka jefar da ita ba. Ka ware darasi biyu a mako don wannan, ka sanar da hedimasta, ka gayyace shi ya zo ya gani. Manhajar da aka "gama" alhali rabin aji ba su iya ɗebe 17 daga 42 ba, a rajista kawai aka gama ta. Kuma a waɗannan darussan ka ajiye bulala a ofis. Yaron da ke tsoron duka ba ya gwada hanyar da bai tabbatar da ita ba, kuma duk aikin a kan gwaji ya tsayu.

TAMBAYA: Malama, jikokina da sun dawo daga makarantar allo sai dara a ƙofar gida. Na hana sun ƙi. Ba ɓata lokaci ba ne? Daga wani dattijo a Ɓaɓura.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. In ba kuɗi a ciki, ba ta hana salla ko aike ko karatu ba, ina roƙon a bar su. Dara gurbi 30 ce, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba mai jera uku ya ci sai wanda ya hango abin da abokinsa zai yi nan da motsi biyu ko uku. Wannan hangen shi muke wahalar koyarwa a aji. A sa musu lokaci, bayan la'asar misali. In Baba ya taɓa bugawa a da, ya zauna ya yi musu wasa ɗaya, ya riƙa tambayar wanda aka cinye a wane motsi gidansa ya ɓaci. 'Yan matan gidan ma a koya musu, kada a bar su da carafke kaɗai.

TAMBAYA: Anti, ni ban yi boko ba, Islamiyya na yi. Ɗana ɗan aji uku in ya zo da aikin gida ya kasa sai ya fashe da kuka ya ce shi daƙiƙi ne. Babansa yana Legas wajen nema, ba mai duba masa. Me zan iya yi? Daga wata uwa a Gezawa.

AMSA: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta taɓa ni. Kalmar nan da yake kiran kansa da ita a bakin wani ya ji ta, ko a aji ko a waje. Ki fara da hana kowa faɗa masa ita a gidanki, har da wasa.

Sannan ki daina ganin ba ki da abin ba shi. Macen da ke auna tsaba ta san kwano nawa zai kai gida ƙarshen wata, ta riƙe lissafin adashi na mutum goma a ka, ta raba nama ya ishi kowa, ba za a ce ba ta san warware matsala ba. Rashin sanin amsar littafinsa ma yana da amfaninsa, don ba za ki yi masa aikin ba, dole shi zai yi. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, George Polya, ya tsara matakai huɗu a 1945 waɗanda har yau ake koya wa malamai: a fahimci tambaya, a nemi dabara, a aiwatar, a waiwaya a duba. Duk cikinsu ba wanda ba za ki iya ja masa gora a kai ba kina tankaɗe. Ki ce ya rufe littafin ya faɗa miki da Hausa me ake nema. Sau da yawa a nan kukan yake ƙarewa, don yana cikin yi miki bayani zai ce, "Au, na gane!" In bai gane ba, ki ce ya zana a ƙasa ko ya ɗebo duwatsu su tsaya a madadin abin da ake ƙirgawa. In lambobin sun yi masa girma, a rage su: maimakon 48 a gwada da 4, a ga me aka yi, sannan a koma. In ya samu amsa, ko da murna yake, ki tambaye shi, "Ta yaya zan yarda?" Ki kuma riƙa yaba masa a kan abin da ya yi, kamar sake gwadawa da ya yi bayan ta farko ta ƙi, fiye da cewa yana da ƙwaƙwalwa. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ajiye, ya ci abinci, a dawo. Idan har gobe bai samu ba, ya kai wa malaminsa abin da ya gwada, kada wani babba a unguwa ya rubuta masa.

Da dare kuma ki dawo da wasa ƙwaƙwalwa irin na kakanninmu, wanda ba maki ba jan biro. Kin san na mutumin da zai haye kogi da kura da akuya da damin harawa, jirginsa abu ɗaya yake ɗauka ban da shi, in ya bar kura da akuya ta cinye ta, in ya bar akuya da harawa ta cinye. Ki ba shi dutse da ƙwallon goriba da kara su zama su ukun, ya yi ta hayar da su a kan tabarma. Sai ya yarda a dawo da akuya baya kafin ya dace, kuma yara da yawa sukan kwana biyu ba su kawo wannan a ransu ba. In kuna zuwa famfo, ga wani: galan mai lita 5 da roba mai lita 3, ana son lita 4 cif, ba wani ma'auni. Ki bar shi ya yi ta juye ruwa.

Ga wanda za ki fara da shi a daren nan. A gidan wani mutum akwai kaji da awaki, an ƙirga kawuna 10, ƙafafu 28, kaji nawa, awaki nawa? Amsar kaji 6 da awaki 4, ki riƙe ta a ranki. In ya cije, ki ba shi duwatsu goma da tsinke 28, ki ce ya fara sa wa kowane dutse ƙafa biyu, sannan ya ƙirga tsinken da ya rage a hannunsa ya faɗa miki na su wane ne.